Nomau da Masu Kekunan Bakin Dam

A Kwarin Marke, wani ƙauye da ke gindin dam ba nisa da birni, akwai wata tsohuwa mai fura ana ce mata Inna Tasalla. 'Ya'yanta maza duk sun watse ci-rani, sai autanta Nomau ya rage mata. Ƙato ne mai ƙarfi kamar sa, zuciyarsa fara fat, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Inna ta taɓa aika shi kasuwa da fura, ta ce kada ya bari ƙuda ya taɓa, sai bai buɗe ƙwaryar ba har kasuwa ta watse. Tun daga ranar ita ke ɗaukar kayanta da kanta zuwa kasuwar bakin titi, tafiya mai nisa, ga gwiwoyi sun fara ƙin ta. Nomau yana ganin yadda take dafa bango kafin ta miƙe, abin yana cin ransa, bai kuwa san yadda zai yi ba.

Wata rana wasu mutanen birni suka shigo garin a kan kekuna, da matsattsun kaya da hulunan kwano. Shugabansu, Alhaji Nafi'u, ya ce ƙungiya gare su, suna neman hanyar burji da za su riƙa zagaya dam da kwarin kogi duk Asabar. Ya ga Nomau a tsaye, ya ce, "Malam, shiga gaba ka kai mu bakin ruwa ta hanyar da ka saba bi." Nomau ya ce to. Ya ja su ta bayan masallaci, ya tsaya ya gai da gwaggonsa mai ciwon ido kamar yadda yake yi kullum, sannan ya kutsa zauren gidansu, don shi ta ƙofar baya yake fita. Manyan mutane suka saɓa kekuna a kafaɗa, suka ratsa tsakanin turmi da akurkin kaji, Inna na damu ta saki ludayi tana salati. Kunya ta sa ta miƙa musu furar. Suka sha, suka ƙara, har Alhaji ya suɗe ludayi.

"Inna," in ji shi, "in hanyarmu ta tabbata ta nan, a ƙofar gidanki za mu riƙa yada zango. Ba ke ba kasuwar bakin titi."

Nomau ya dubi gwiwoyin uwarsa, ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji. Nan take ya roƙi Alhaji ya sa shi aikin hanyar, ko kyauta ne.

Wata rana Alhaji ya ce masa, "Kafin mu dawo, duk abin da zai iya fasa taya ka kawar da shi daga hanya." Nomau ya tsince ƙaya da fasassun kwalabe, sannan ya je wurin mai facin garin ya tambaye shi ko tsakuwa tana fasa taya. Mai faci ya ce ai da ita yake cin abinci. Shi ke nan fa. Nomau ya ɗauki tsintsiyar kwakwa da kwando, ya share burjin nan tas tun daga garin har gangaren kogi, ya tara tsakuwar tsibi-tsibi a gefe. Da masu kekuna suka zo suka tarar da hanya sumul, Alhaji ya riƙe kai.

"Bawan Allah, ina tsakuwarmu? Ai ita muka zo nema!"

"Yallaɓai, ba ku da kwalta a birni?"

"Muna da ita. Gajiya muka yi da ita."

Nomau ya daɗe yana juya maganar. Mutanen gari ma da suka ji sai suka ce wannan karon ba a san wanda ya fi wani ba, tsakanin mai share hanya da mai kwalta a ƙofar gida da ya fito neman gargada. Haka dai ya mayar da tsakuwar kwando-kwando, bai yi ƙorafi ba.

Wata rana kuma aka ba shi gwangwanin farin fenti. Alhaji ya ce, "Duk mararrabar da ka iske, ka zana kibiya a jikin abin da ke tsaye a wurin, ta nuna hanyar dam." Ya zana a jikin kuka, ya zana a jikin rumbu, aiki ya yi kyau. Da ya kai mararrabar fadama ba itace ba dutse, sai jakin wani manomi a tsaye yana gyangyaɗi. Nomau ya zana masa kibiya ƙatuwa a haƙarƙari, ta nuna dam daidai wa daida. To jaki dai ba dogari ba ne. Kafin masu kekuna su iso ya juya yana kiwo, kibiya ta koma kallon fadama. Suka bi ta a guje suka afka cikin kwamin albasa da aka yi wa ban-ruwa da safe, taɓo har gwiwa, mai gona yana ta zuba musu ashar.

Ran nan Alhaji bai sha fura ba. Ya ce shi ya gaji, akwai wata hanya ta Tudun Faru a ƙetaren kogi, Asabar mai zuwa zai yanke shawara. Da suka tafi Inna ta zauna a bakin murhu tana iza wuta, ko faɗa ba ta yi masa ba. Nomau ya gwammace ta zage shi, don rashin faɗan ya fi yi masa ciwo.

Wata rana, wato Asabar ɗin, Nomau ya riga kowa fitowa yana jiran aiki. Alhaji yana so ya raba shi da jama'a kawai, sai ya ce, "Ari amalanken shanu ka biyo mu a baya. Kada ka dawo gida sai ka tabbata babu wanda ya rage a hanya. Duk wanda ka gani, ɗauko shi." Kekuna suka yi gaba, Nomau ya bi su taƙwas-taƙwas. Wanda ya fara gani wani masunci ne da koma a kafaɗa, ya nufi ruwa.

"Baba, hau."

"In hau in je ina? Kamun kifi za ni!"

"An ce kada kowa ya rage a hanya."

Kafin masunci ya ƙara magana an sunkuce shi an ɗora. Haka ya ɗauki mai tallan rake da rakensa, da wani wanzami da ke sauri zuwa gidan suna. Suna ta masifa, shi kuwa yana ba su haƙuri yana kora shanu. Rana ta karkata, masu kekuna tuni sun gama zagayensu sun taru a ƙofar gidan Inna. Ba su ga Alhaji ba, suka ɗauka ya wuce birni saboda fushi.

Can kusa da mashigin kogi Nomau ya tare wata tsohuwa da ɗaurin itace. Da ta ji dalilin ɗaukarta sai ta ce, "To in mutane kake tsinta, ɗan nan, ga wani can a kwazazzabon hanyar Tudun Faru yana nishi. Ni na zaci mutanen ɓoye ne, na yi ta kaina." Wanzami ya ce wannan ba hanyarsu ba ce, a taimaka a wuce. Nomau ya ce shi ba a faɗa masa wace hanya ba, hanya kawai aka ce. Ya juya shanu.

A ƙasan kwazazzabon suka tarar da Alhaji Nafi'u kwance, keke a kansa, ƙafa ta karye, wayarsa ta farfashe. Ashe ya saci jiki ne shi kaɗai ya je duba hanyar da za ta kauce wa Kwarin Marke, gefen rami ya zabtare da shi. Nomau ya sauka ya ɗauko shi cak kamar jariri. Wanzami ya ɗaure ƙafar da karan rake da rawaninsa, masunci ya shimfiɗa komarsa aka kwantar da shi.

Da amalanke ya iso gari aka yi ta salati. Aka shimfiɗe Alhaji a tabarma a ƙofar gida, aka aika kiran mai ɗori, Inna ta tallafo kansa tana ba shi fura da ludayi. Ya sha, ya dubi Nomau, idonsa ya ciko.

"Da mai wayo na aika, da a ramin nan zan kwana," ya ce. "Ku shaida, hanyarmu ta nan za ta bi, a ƙofar gidan nan kuma za mu riƙa sauka."

Inna ta rufe fuska da gefen zane tana kukan murna. Nomau ya tsaya yana murmushi har kunne, bai taɓa jin farin ciki irin na ranar ba. Sai masunci ya yi gyaran murya daga kan amalanke, ya ce su fa har yanzu ba a sallame su ba. Inna ta share ido tana dariya.

"Kai auta, maza je ka mayar da kowa inda ka ɗauko shi."

Nomau ya ce, "To, Inna." Ya naɗe hannun riga, ya nufi tabarmar Alhaji.

Alhaji ya ƙanƙame ƙafar Inna, gari duka ya ɗauka baki ɗaya: "Ban da shi, Nomau! Ban da shi!"