Bin Bayan Mahauci

"…Lahiya dai? Ina gidan, bawana?"

Alkasum mahauci ne ya tsayar da kekensa yana tambaya. Taubashinsa Illiya tela na zaune bakin hanya da nasa keken, sau biyu iskar gabas tana maido shi. Shekarar fari ce. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, suna rabon jar dawa a wani sito bayan garin Agadas, kuma azahar na yi suke jan igiya su rufe shiga. Kwana biyu ke nan tukunyar gidan Illiya ba ta hau murhu ba.

"Ai bawa ke fara gaisuwa, ga shi ka fara," in ji Illiya.

"To hau mu gani. Ubangida ke gaba."

Alkasum ya wuce, faɗinsa kamar ƙofar zaure, don shi kaɗai fari ya karɓa, shanu sun yi arha. Illiya ya manne masa, taki ɗaya tsakanin tayoyinsu. Nan take iska ta sake shi, ƙafarsa ta yi sauƙi.

"Me kake shinshina a bayana?"

"Kai kake tsaga iska, ni ina bi ta ramin da ka bari."

"Wato ni ke tuƙa keke biyu?"

"Zakkar tumbi ce. Duk garin nan an rame, kai kaɗai nake ƙara wa yadi a wando."

"Hito gaba ka ɗanɗana, tsinken tsire."

"Rediyo ta ce kowa ya bi bayan na gaba. So kake kumandan soja ya ji na yi juyin mulki?"

"Na gaban da rediyo ke faɗi cikin mota suke, gilashi ruhe. Ni iska har cikin haƙorana."

"Rage murya, ƙaton banza, kada a ɗauke mini katanga."

Suna hango siton, soja ya kama igiya. Alkasum ya jiƙe sharkaf, numfashi ya ƙare. Illiya kuwa da sauran ƙarfinsa, ya zame ta gefe ya kutsa. Igiya ta miƙe a bayansa, shi ne na ƙarshe.

Da ya fito da buhunsa, ya tarar da Alkasum zube a gindin bango yana haki. Kunya ta rufe shi, kunya ta gaske.

"Kawo tikenka na karɓar dawa in roƙi sojan."

"Wane tike?" Alkasum ya zazzage aljihu, ɓarin goro kaɗai ya faɗo. "Mahauci zai ci jar dawa bana? Gwaggo, uwarka, ce ta aiko mini, wai iska na shirin kai ɗanta garin Ingal can yamma."

Illiya ya ajiye buhun. Ya yi dariya, idonsa na kawo ruwa.

"Ka ci ni, ƙato."

"Ɗora buhun a kekena. In kai ka ɗauka, ba za a san wa ke ɗauke da wani ba."