Kwamfutar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi wa surukina gyaran kwamfuta a gidansa da ke unguwar Madabo ba, kuma na tabbata shi ma bai manta ba, kawaici kawai yake yi mini.

Ni tun ina yaro ba na iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Rediyo, agogo, tocila, duk sai na ga cikinsu (yawancinsu daga ranar ba su sake aiki ba). Da na girma na zama malamin lissafi, sai cutar ta koma kan kwamfuta. A lokacin ban daɗe da aure ba, kuma mahaifin matata, wanda muke kira Baba, mutum ne mai ƙarancin magana. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya yi ritaya, yana rubuta tarihin marinan Ƙofar Mata a kwamfutarsa, sai dai kullum yana kukan nauyinta. Da na ji haka sai na ce ga damata ta samu.

Na kalli bidiyoyi har na ƙoshi, na sayo abin da ake kira SSD, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai mai sauri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantarta, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, siririya kamar cingam. Na yi ta juya ta a hannu ina mamakin ta ina littattafai za su shige ciki.

Da na isa, Baba yana zaure da amininsa Malam Sabo. Na durƙusa na gaishe su, ya ce, "Tana ɗakin karatu, ƙarƙashin tebur. Sai dai an ɗauke wuta."

"Ba komai, Baba, aikin ba ya buƙatar wuta," na faɗa da muryar ƙwararru.

A ƙarƙashin teburin akwatunan kwamfuta biyu na tarar, ɗaya a gaba mai sheƙi, ɗaya can lungu duk ta koɗe. Zuciyata ta ce in koma in tambaya. Amma yaya injiniya guda zai fito yana tambayar wacce ce kwamfutar? Na jawo mai sheƙin, na cire wayoyin da ke bayanta, na buɗe.

Gaskiya na ji daɗin wannan aikin. Babban allon da ke ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, kamar taswirar gari yake: ga tituna, ga lunguna, ga dogayen gidaje. Na daɗe ina kallo kafin na gano ɗan ramin da ake sa SSD. Na zura ta a karkace kamar yadda na gani, na danna ta kwanta, na ɗaure da ɗan ƙaramin noti wanda sai da ya faɗi ciki na girgizo shi. Na ji wani ɗan ƙauri-ƙauri a akwatin, na ce ƙila haka ƙamshin fasaha yake. Na rufe, na mayar da wayoyi, na tura ta wurinta.

Ina gamawa aka kawo wuta. Baba da Malam Sabo suka shigo, matata Hadiza ta biyo su da ruwa, tana yi mini kallon alfahari. Baba ya zauna a kujerarsa, kafin in ce komai sai ga allo ya kawo haske. Rubutunsa ya fito cif, babu abin da ya ɓace.

A nan ya kamata in tsaya in yi tunani, domin bidiyoyin sun ce sai an kwashe komai an zuba a sabuwar ma'ajiyar, ni kuwa ban yi ba. Maimakon haka sai na ce, "Baba, ka ga sauri?"

Baba ya ce, "To, kamar dai da ɗan dama."

"Ai na zamani da kansu suke janye bayanai," na ƙara. Daga nan na ɓarke da lacca, har da kwatanta jaki da jirgin sama. Ni kaina wallahi gani nake tana gudu.

Malam Sabo, wanda shi ma da alama irin cutata gare shi, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ko za mu ga abin nan da idonmu?"

Da rawar jiki na sunkuya na jawo kwamfutar. Ta taho. Wayoyinta ma suka taho, suna jan ƙasa, bakinsu ba a haɗe da komai ba. Na miƙe tsaye rungume da ita a ƙirji, allon kuwa yana nan tar, tarihin marina bai ko girgiza ba.

Malam Sabo ya dubi allo, ya dubi akwatin, ya ce da zuciya ɗaya, "Ikon Allah! Har ba ta buƙatar waya?"

Baba ya leƙa ƙarƙashin tebur, inda babban yatsan ƙafarsa ke kusa da maɓallin tsohuwar, wanda ashe da shi yake kunna ta kullum. A hankali ya ce, "Wannan ta hannunka ai wuta ta ƙona ta tun bara. Ƙafa nake ɗorawa a kai."

Hadiza ta ajiye faranti ta fice da sauri, na kuma ji inda dariyarta ta ƙwace a tsakar gida. Ni dai na rasa inda zan ajiye kwamfutar, sai na ci gaba da riƙe ta kamar jaririn da aka ba ni ranar suna.

Da muka buɗe tsohuwar daga baya, ko ramin irin wannan SSD ɗin babu a allonta. Sai da na canzo SSD ɗin da irin wadda ake haɗawa da waya, kuma a karo na biyu Baba da kansa ya riƙe mini tocila, yana ta tambayar sunan kowane abu. Ranar muka yi hira mafi tsawo tun da na auri 'yarsa.

Yanzu duk gidan da aka kira ni duba wani abu, ko fanka ce guda ɗaya tilo a ɗakin, sai na nuna ta da yatsa na ce, "Wannan ce ko?"