Rasuwar Kawu, Keken Ɗinkin Gidan Che Ajibu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa cike da aikin da ba a gama ba, ni Patuma Abiti Jafali, wato 'yar Jafali, ta unguwar bakin tafki a nan Mangochi ta ƙasar Malawi, a madadin mijina Che Ajibu, wato Malam Ajibu masunci, da 'ya'yanmu huɗu, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar keken ɗinkinmu, wanda kowa ya sani da suna Kawu. Ya cika yau Asabar da hantsi, a barandar gidanmu, da guntun allura a bakinsa. Babu wanda ya san shekarunsa, amma ya girme ni, ya girmi mijina.

Marigayin ya zo gidan nan daga hannun kawuna, Che Mbwana tela, wanda ya shekara talatin yana taka shi a ƙofar wani kanti. Da idonsa ya yi rauni sai ya aiko mini da shi a amalanke, tare da wasiyya guda: "Ki ba shi mai, kada ki ba da shi aro." Yaran unguwa suka ga baƙi ne, ga nauyi, ga yawan gunaguni, kuma daga gidan Kawu ya fito. Tun ranar sunan ya bi shi.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da rashin girman kai. Shekara takwas a hannuna bai taɓa ɗanɗana sabon yadi ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Ranar Laraba, idan aka fasa dilar gwanjo a kasuwa, mata su yi ta kokawa a kan riguna masu kyau, ni kuwa sai in jira ƙura ta lafa in kwashe abin da aka ƙi: labulen otal, zanen gado mai tabo a gefe, wandon wani ƙato da ban san ƙasarsu ba, amma na san bai taɓa kwana da yunwa ba. Daga wannan wando kaɗai Kawu ya fitar da gajerun wanduna biyu na tagwayena, Sumaili da Twaibu, da jakar allo, har aka samu rarar da aka yi wa tukunya matashi.

Shi ya mayar da tsofaffin tawul tsumman jarirai. Shi ya haɗa ƙyallaye sama da ɗari suka zama bargon da yara ke faɗa a kansa lokacin sanyi. Sallar bara, labule guda mai manyan furanni ya ɗinke mana mu duka, har ya rage wa taga. Da muka tsaya a ɗaki za a ɗauke mu hoto, maƙwabciyata Abiti Sani ta leƙo ta ce, "To ku ɗan motsa mana, in gane wanne ne mutum wanne ne taga."

Ya kasance mai son yara. Tagwaye sun mayar da matakinsa kwalekwale, suna hawa suna tuƙi, bai taɓa cizon ɗan yatsan kowa ba. Autata Mwanaisha kuwa ba ta san wata waƙar reno ba sai tasa. In goya ta, in ɗora ƙafa, ya fara kacaka-kacaka-kacaka, kafin in kai ƙarshen kalmasa kanta ya langaɓe a bayana. Idan ya ƙoshi da mai muryarsa sai ta koma sirrr, kamar yayyafi a kan kwano. Idan ransa ya ɓaci kuma ya ce ƙyas, ya tsinke zare, ya yi shiru sai an lallashe shi.

Ya sha jarrabawa a rayuwarsa. Wata safiya na ce Kawu na jin yunwa, ina nufin mai, na shiga ɗaki neman kwalbar. Ina fitowa na tarar tagwaye sun ɗura masa kunu ta kowace kafa, Twaibu na shafa bayansa yana cewa, "Sha, Kawu, sha ka girma." Kwana uku ina wanke shi da kananzir. Ya tashi, ya yafe, ko da yake ya yi wata guda yana ƙamshin gyaɗa.

Ba zan ɓoye ba, shekarar da kifi ya yi ƙaranci a tafki, Che Ajibu na dawowa da raga babu komai, Kawu ne ya riƙe tukunyar gidan nan. Faci, rage ƙugu, sauya zik, babu aikin da ya raina. Ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Wannan kaɗai ya isa in yi masa kuka, kuma na yi.

Game da jinyarsa ta ƙarshe, iyali sun ga ya dace a faɗi gaskiya. Jibi Litinin ake komawa makaranta, kuma ranar ce babbar 'yata Asiyatu za ta fara zuwa. Na samu shuɗɗan zannuwan gado a gwanjo, kalar kayan makaranta sak, na yanka riguna goma, tara na yaran maƙwabta, ɗaya tata. Da safe na tafi kasuwa sayen maɓallai, na bar marigayin lafiya lau, rigar Asiyatu a kansa saura hannu ɗaya.

Na dawo na samu gidan shiru. Che Ajibu na zaune can gindin mangwaro yana gyaran ragar da ba ta yage ba.

Na ce, "Baban Asiyatu, me ya samu Kawu?"

Ya ce, "Wane Kawu?"

"Kawu nawa gare mu a baranda?"

"Ni dai na wuce shi yana numfashi."

Sai Asiyatu ta fito daga bayan ƙofa ta ce, "Mama, Baba ne ya sa masa tamfol ɗin mota, wai zai ɗinka wa injin jirgi riga. Kawu ya ce ƙyas. Baba ya ƙara takawa. Kawu ya ce gurrr. Baba ya tashi tsaye ya taka da ƙafa biyu. Sai Kawu ya ce ƙwas, bai sake cewa komai ba."

Che Ajibu ya dube ta ya ce, "Ke da na saya wa rake?"

Ta ce, "Ai na shanye."

Aka kira Che Bwanali mai gyara. Ya buɗe cikin marigayin, ya juya, ya kara kunne, ya girgiza kai, sannan ya zazzago haƙoran ƙarfe uku a tafin hannunsa. Ya ce, "Abiti Jafali, sai haƙuri. Masu ƙera irin wannan ƙarfen sun riga shi tafiya. Amma wa ya ba tsoho ƙashi ya tauna?" Mai laifin yana can ya duƙufa a kan ragarsa.

Abin da ya fi taɓa ni, Asiyatu ta ɗauki rigarta ta saka, ta tsaya a gabana, kafaɗa ɗaya a waje. Ta ce, "Mama, in na rufe nan da jaka, malama ba za ta gani ba ko?" Na ce mata da hannu biyu za ta je makaranta, ko da yatsuna za su huje.

Marigayin ya rasu ya bar almakashi guda, wanda shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba, da kwarkwaro huɗu, da gwangwanin maɓallai marayu, da buhu biyu na ƙyallaye da ya yi wa alkawarin zama bargo, da jaririya da ta ƙi barci tun hantsi, da riguna goma da ba su da mai ƙarasa su.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da sassafe. Che Bwanali zai ɗauki kan marigayin zuwa shagonsa, inda za a raba sassan jikinsa ga kekunan da ke jinya, ya zame masa sadaka mai gudana. Teburinsa zai zauna a gida, a kansa Asiyatu za ta koyi rubutu.

Zaman makoki kuwa a barandarmu ne, daga safe har sai an gama. Ana roƙon mata masu zuwa ta'aziyya, musamman iyayen yara taran nan, kada su zo da hawaye, muna da isasshe. Kowace ta zo da allurarta da shuɗin zare. Za a ba da shayi da tuwon masara da soyayyen usipa, ƙananan kifin tafkin nan, amma sai wadda ta gama hannun riga ɗaya za a zuba wa.

Babban mai karɓar gaisuwa, Che Ajibu, zai kasance a gindin mangwaro, da Mwanaisha goye a bayansa, da tagwaye a cinyarsa. Iyali na roƙon jama'a, don girman Allah, duk yadda ya marairaice, kada wanda ya karɓar masa ko ɗaya.