Shef Maina da Motar Gindin Gawo

Duk ƙasar Magarya, daga Sassumbrum har Dungas, ba a taɓa yin masanin ƙarfe kamar Maina na Kwaya ba. Wannan magana ba ta da ja, don daga bakinsa muka ji ta, kuma ba sau ɗaya ba. Shekararsa goma sha bakwai, gemu bai ko yi sallama ba, amma ya riga ya gama da ilimin mota kaf. Ya samo shi ne a kakar gyaɗa guda, wata uku cif, lokacin da ya bi wata babbar mota mai kwasar buhuna daga Magarya zuwa Kano. 'Yan baƙin ciki suna cewa aikinsa a motar bai wuce ya diro da gudu ya cusa guntun icce a bayan taya in an tsaya a kan tudu ba. Mu dai ba mu bi ta tasu ba. Ai ba kowa ake ba amanar guntun icce ba.

Ya dawo gida da tabarau irin na direbobin Nasara, ido ɗaya a tsage, da sifana guda wadda yake ratayawa a wuya, sai kuma sabon suna. Ya ce a garaji Shef ake ce wa babba, saboda haka duk wanda ya kira shi Maina gatsau, sai ya ɗauke kai kamar da wani ake. Mutanen Kwaya ba su da rowar abin da ba a saye, suka ba shi sunan har da ƙari.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce masa Shef ba, ita ce Goggo Hinda, yayar ubansa, wadda ta riƙe shi tun yana rarrafe bayan iyayensa sun rasu. Ba ta da ɗa sai shi, ba ta da dukiya sai 'yar gayauna a bayan gari inda take shuka gyaɗa. Gyaɗar nan ita ce gishirinta, ita ce zanenta, ita ce kuma ke sallamar masu karɓar lanho, wato haraji, in sun zo. Bara damina ta yi gardama, abin da ta samu kaɗan ne, amma tun ranar da ta cire ta ware iri buhu biyu da ɓawonsa, ta juye a ɗan rumbu, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. A Kwaya, ko yunwa ta kai ina, ba a fasa bakin rumbun iri sai ruwan shuka ya sauka.

To, a bakin hanyar Magarya, gindin wani ƙaton gawo, akwai wata tsohuwar mota. Ta wani Bature ce mai sayen gyaɗa, tun kafin yaƙin Jamus. Nan ta mutu masa, ya ce wa mai gari a kula masa da ita har ya dawo, ya ari doki ya tafi. Ba a sake ganinsa ba, dokin ma haka. Shekara goma sha biyar kaji suna ƙwai a cikinta, awaki suna hawa kanta su ci 'ya'yan gawo. Da Maina ya je ya ce a bar masa ita ya tashe ta, mai gari ya ji kamar an sauke masa kaya, ya ce ya je Allah ya ba da sa'a.

Washegari Shef ya kori kaji, ya hau kan murfin inji, ya sauke tabarau a kan hanci, ya yi wa masu wucewa rijiya jawabi.

"Jama'a, wannan da kuke gani ba irin motocin yanzu ba ce na gwangwani. Ta asali ce, ko kumandan, Baturen mulki, ba shi da irinta. Barci kawai take yi, ba ta samu wanda ya san ta ba. Kafin ruwa ya sauka za ku ga abin da ake kira aiki. Jaki ya gama zamaninsa a garin nan."

Jakin Dikko makiyayi, da ke ɗaure kusa da wurin, bai nuna ya damu ba.

Aiki ya kankama, kuma gaskiya Shef bai yi ƙyuya ba. Akuyarsa guda, wadda Goggo ta ba shi tun tana 'yar ƙarama, ta tafi gidan Baba Bunu maƙeri, a madadinta aka ƙera masa hannun ƙarfen da ake murza inji ta gaba. Rigarsa ta salla ta tafi kasuwar Magarya, ta dawo a matsayin wasu ƙusoshi huɗu masu farin kai da ya ce su ke haifar da wuta a ciki. Da aka gwada sai ramin ya fi su faɗi, Shef ya ce ramin ne ya yi kuskure, ya naɗe su da tsumma. Tayoyin da rana ta cinye kuwa, ya cusa musu ciyawa, ya roƙi ɗanyen ƙirgi wurin Dikko ya ɗaure su tamau. Dabara ce mai kyau ƙwarai, karnukan gari ma sun yaba, don kwana biyu suka yi suna walima. Wurin zuba ruwa da ke yoyo ya liƙe da ƙaro. Abin da bai taɓa ba shi ne kujerar baya, ta jar fata, wadda ta tsira daga kaji don wani tsohon tanti ya rufe ta. Ita ce idon motar. Kullum sai ya goge ta da gefen rigarsa, kuma ya kafa doka babu mai zama a kai, ko da mai gari ne.

Saura mai. Isansi, wato fetur, sai Magarya, kuma abin da ya rage wa Shef na sayarwa bai wuce sifanar wuyansa ba. Nan fa iliminsa ya yi rana. Ya tuna wani tsohon direba ya taɓa cewa lokacin yaƙi, da isansi ya yanke, da man gyaɗa suka riƙa tuƙi. Direban bai yi ƙarya ba. Sai dai lokacin da yake ƙarasa maganar, yana cewa wasu manyan motoci ne kawai masu irin nasu inji ke shansa, an riga an aiki Maina ɗauko guntun icce.

Kwana uku yana bin Goggo. Ya ce tafiya ɗaya zuwa Magarya zai ɗauko mata iri buhu goma, irin wanda Nasara ke shukawa. Ya ce daga bana ta daina ɗora kaya a ka, a jar kujera za ta zauna, matan Kwaya suna kallo.

Goggo ta ce, "Maina, iri ne fa."

Ya ce, "Goggo, ku mutanen dā ba ku san lissafin zamani ba. Iri a rumbu barci yake yi. Ni zan sa shi gudu."

Da magana ta ƙi ci, sai ya daina cin tuwo. Wannan ce kaɗai dabararsa da ta yi aiki a duk shekarar. Goggo ba ta yarda da motar ba ko na rana ɗaya, amma ba ta iya ganin ɗan ƙanenta ya kwana da yunwa. Rana ta huɗu ta ɗauki taɓarya da hannunta ta fasa bakin rumbun. In na zo nan a labarin dariyar takan ɗan tsaya mini, don na san abin da tsohuwar ta fasa.

Shef bai bari an taɓa buhunan nan da nan ba. Ya sa aka kai su motar, ya jera su a kan jar kujera, ya ce sai sun yi mako a garaji ya duba ingancinsu. Ingancin da yake dubawa shi ne na idon jama'a, don duk mai wucewa sai an nuna masa kayan aiki. A cikin makon ne Baba Bunu ya zo shan inuwa da rana tsaka, ya ji wani ƙwas-ƙwas daga cikin kujerar, ya tambaya ko lafiya.

Shef ya yi murmushin tausayi ya ce, "Baba, wayoyin cikin kujera ne suke miƙewa. In mota ta ji hannun gwani, daga nan take fara farkawa. Wannan ba ilimin maƙera ba ne."

Bunu ya ce lalle ba nasu ba ne, ya gyara zama.

Da buhunan suka dawo gida, Goggo ta ɗaga ta ji sun yi sauƙi. Ta ɗauka yaron ne ya riƙa ɓarawa yana ci, ta ƙyale shi, don ta fi son ya ci da ya ƙi. Ta ɓare, ta hura wuta. Lokacin da ta juye ƙwaryar farko a cikin tukunyar suya sai ta kau da kai, saboda gyaɗar da ta ji wuta ba ta sake tsirowa. Ta daka, ta matse, mai ya cika tulu guda, garai-garai, irin wanda ake yi wa amarya gara da shi. Shef ya ɗanɗana da yatsa ya ce ba laifi, za a iya maneji da shi.

Ya zaɓi ranar kasuwa don tashin mota, saboda kada mutanen ƙauyuka su yi asarar gani. Ya ɗura mai a duk ramin da ya samu, har da wanda ba a yi don haka ba. Ya tofa yawu a hannu ya kama murzawa. Motar ta yi shiru irin na mai shekaru. Ya murza har gumi ya cika tabarau, sannan ya sanar cewa sanyin shekara goma sha biyar ne a jikinta, ya sa aka hura ɗan garwashi a ƙarƙashin inji. Ba a jima ba ƙamshi ya gauraye kasuwa, har wata mata daga Dogo-Dogo ta zo da ƙwarya tana tambaya ina mai ƙosai. Ya koma ya murza, ya murza, sai da hannun ƙarfen nan, wato akuyarsa, ya lanƙwashe a hannunsa. Shef ya miƙe ya dubi jama'a, ya ce iskar Kwaya ce ta yi wa injin nauyi, a Kano da tuni ta tashi.

Yana cikin bayanin iskar sai ta taso da gaske daga gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kafin la'asar ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Kowa ya watse yana murna.

Da safe gari ya fita da sungumi. Goggo ta ɗauki ƙwarya ta shiga gida uku. Ba wanda ya yi mata dariya, ba kuma wanda ya ba ta, don bara ta taɓa kowa, irin kowa daidai gonarsa ne. Ta juyo da ƙwaryar wayam, ta biyo ta gindin gawo. Can ta tarar da Shef yana tsane jar kujera da tsumma. Ta tsaya tana kallon ƙasa. Ruwa ya koro ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin ƙofar motar, ga shi nan birjik, kowane da ɗan huji irin na haƙori. Tana tsaye wani ƙaton ɓera ya leƙo ta gefen kujerar, jiƙe sharkaf, ya koma. Sai ta tuna buhunan da suka yi sauƙi.

Ta kwance 'yar wuƙar da take ƙullewa a bakin zane. Shef ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Goggo, wannan fa fatar Faransa ce."

Ta ce, "Matsa."

Ya matsa. Ta tsaga kujerar daga wannan gefe zuwa wancan. Ɓeraye suka yi ta kansu, gyaɗa ta zubo, da ɓawonta, busasshiya, an cusa ta tsakanin wayoyi da auduga inda ruwa bai kai ba. Ta durƙusa ta tsince har ƙwayar ƙarshe. Tiya huɗu ta samu daga buhu biyu. Ba za ta rufe ko rubu'in gayaunar ba, sauran filin bana sai dai ciyawa, kuma ta san haka tun kafin ta miƙe.

Da hantsi aka gan su a bayan gari, ita a gaba tana sara da sungumi, shi a baya yana jefa ƙwaya yana rufewa da diddige, tabarau a goshi, sifana tana dukan ƙirji. Baba Bunu ya biyo ta kan iyaka zai je tasa gonar, ya yi mata barka da ruwa, sannan ya tambayi Shef yaushe za a tashi zuwa Magarya, don yana da saƙo.

Goggo ba ta ɗago ba, ta ce, "Bunu, ku daina ɓata sunan nan a kansa. Duk motar nan ma'aikaci ɗaya ne ya san ana ajiye iri, shi ma mai wutsiya ne."

Maina ya ci gaba da jefa ƙwaya yana rufewa. Sunan dai bai faɗi ƙasa ba. Har yau a Kwaya, in ɓera ya gilma ta bakin rumbu, sai ka ji an ce a ba Shef hanya.