Ina Neman Matashi Mai Laushi

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na leƙo ƙofar gida da buta a hannu, sai na tarar da samari sun yi layi tun daga dakalina har bakin masallaci. Kowa ya sha wanka, wani har da takardun makaranta a leda. Na ce ko an naɗa ni wani muƙami ne cikin dare ban sani ba.

Bari in faro muku daga tushe. Maiɗakina Hapsatu 'yar wani ƙauye ce can gaba da Sara, ta wajen Gwaram. Daga nan Birnin Kudu, muddin kana kan kwalta, lafiya lau. Amma da ka ratse zuwa garinsu, to ka fara salati. Hanyar nan Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya wasa da ita: duk sanda zaɓe ya ƙarato sai ya zo da kansa ya aza mata harsashi. Da za a tattara duwatsun harsashin wuri guda, wallahi sun isa cike manyan ramukan.

Sit ɗin babur ɗina kuwa soso ya riga mu gidan gaskiya, saura ƙarfe da fata. Zuwanmu na ƙarshe Hapsatu ta sauko tana tafiya kamar agwagwa. Ta ce, "Malam, ranar Juma'a sunan ɗan ƙanwata, kuma zan je. Amma wallahi duk ranar da ka sake nuna mini ƙarfen nan ka ce in hau, ina gidanmu sai an gyara hanya."

Ku da kuka san Mai Girma kun san wannan ya wuce yaji. Rabuwa ce ta har abada, ni kuwa ina son matata.

Shi ne na shiga zauren unguwarmu na waya na rubuta: "Ina neman matashi mai laushi da juriya, wanda za a zauna a kansa daga Birnin Kudu har Gwaram bai yi ƙara ba." Ni matashin zama nake nufi, wanda zan ɗaura a sit. A baki ba mai rikita shi da ɗan saurayi, amma rubutu ba shi da murya.

Na farkon layi Munzali ne, ɗan maƙwabcina. Ya rusuna ya ce, "Baba, aikin nan nawa ne. Zaɓe uku ana zaune a kaina, ko tari ban yi ba."

Na bayansa ya ce, "Ni ko abinci ba sai an ba ni ba. Riga mai hoto ta wadatar."

Dariya ta kama ni har butar ta suɓuce. Ina cikin yi musu bayani sai ga waya, wai yaron Mai Girma ne. Ya ce, "Oga ya ga sanarwarka. Ya ce a tambaye ka, ina ake samun masu laushin? Namu sun fara tauri."

Na sallami kowa, na nufi bakin kasuwa wajen Malam Safiyanu mai ɗinkin sit. Ya baje mini kaya. Ya ɗaga wani ya ce, "Wannan laushin tsiya gare shi. Ranar farko kamar kana kan cinyar kakarka, kafin sati ya zama faifai."

Na ce, "Na gane shi. Shi muka zaɓa wancan karon."

Ya ce, "Ga na iska, daga Kano. Hura shi ake yi."

Na ce, "In ya gamu da ƙaya fa?"

Ya ce, "Sai ka ji fuuus, ka koma inda kake."

Na ce, "Malam Safiyanu, soso kake sayarwa ko tarihin ƙasa kake ba ni?"

Ƙarshe muka tsaya a kan wani mai ɗan tauri, wanda in ka danna shi da yatsa yake tasowa nan take. Ya shimfiɗa masa siririn mai laushi a sama, ya faɗaɗa wajen mai zaman baya, ya rufe shi da fata ruwan toka, don baƙa in ta sha rana sai ta gasa mutum. Ya sa masa roba ta ɗaurewa da kwancewa.

Ranar Juma'a, kai jama'a! Ashe haka manya ke ji? Shi ya sa ba sa son tashi! Ramin da a da nake kauce masa, da gangan na faɗa shi, na fito ina yi masa sannu. Hapsatu a baya har 'yar waƙa take yi. Muka wuce wani mai keke, na ɗaga masa hannu a hankali irin na masu jiniya. Na ce a raina aure ya tsira.

Da muka isa na ga awakin gidan sun zuba wa sabuwar fatar ido. Na kwance abina, na saƙale a hammata, na shiga gaida surukata Inna Tani. Na durƙusa, na ajiye shi a gabana don in ji daɗin gaisuwa.

Inna ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka! Wa ya gaya maka ƙuguna na ciwo?"

Ta jawo shi, ta zauna, ta lumshe ido. Wata ta rangaɗa guɗa. Sai a lokacin na tuna, duk abin da ka shiga da shi gidan surukai a hammata sunansa tsaraba. To wane marar kunya ne zai ce wa surukarsa ta ɗaga? Na ji bakina yana cewa, "Ai ba yawa, Inna."

Bayan la'asar Hapsatu ta rako ni zaure. Ta kalli ƙarfen, ta kalle ni. Ta ce, "Ko wani matashin, ko kwalta. Ka gaida gida."

Na taho ni kaɗai, kowane rami yana rama abin da na yi masa da safe. Ban zame ko'ina ba sai shagon Malam Safiyanu. Ya buɗe hannu ya ce, "Ka makara. Ko na wanke kwano babu a garin nan, duk an kwashe. Kujerun manyan baƙi ake yi."

Na ce, "Bikin me?"

Ya ce, "Za a aza harsashin hanyar su matarka."

To, ranka ya daɗe Sarkin Alkawari, yau kwana nawa ina cin garau-garau a bakin titi. In ka zo, ka zauna ka huta, soson mai kyau ne, ni shaida ne. Ba na ma roƙon hanyar duka. Ka yi mana rabi, sauran na goyo Hapsatu a baya.