Awon Bel da Zariyar Wando

Shinkafarmu ta nuna a fadamar Kende, sai bel ɗin tsohon injin girbinmu ya tsinke. Irinsa sai Malanbil, cikin ƙasar Benin.

Yayana ya ce, "Tafi da tsinkakken mana."

Na ce, "Haba Yaya, ni da injin nan tare muka tsufa."

Na zare zariyar wandona na auna, na yi ƙulli daidai tsawon, na mayar da ita.

A kwalekwalen zuwa Malanbil iska na kaɗawa, na lumshe ido. Na ga buhuna sun kai gajimare, ina bisansu ina gaisawa da balbelu. Wani ƙulli ya dame ni a cibiya, na kwance shi, na ci gaba da mafarkina.

A shago mai kayan gyara ta ce, "Alhaji, ina awon?" Cikin isa na fizgo zariya. Babu ƙulli, wando kuma ya sauka ƙasa.

Da ka na kintata na sayo bel, ya zo zai zagaye injin har da direba. Da lauje muka yi girbin, tsuntsaye sun riga mu rabi.

Har yau teloli a kasuwar Bagudo na kirana: "Injiniya, riƙe wandonka, ba mu tambayi awo ba!"