Ɗakin Zamani da Na Gina wa Inna

Ko tsufa ya sa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai dattawan ƙauyenmu ganin ɗakin Inna ba.

Lokacin ban daɗe da gama difiloma a fannin gine-gine ba, ina zaune a Rijiyar Zaki, kaina ya kumbura har hula ba ta shiga. Duk sanda na je gida, can wajen Kunci, ɗakin ƙasan mahaifiyata kunya yake ba ni: bango mai kauri, rufin azara, 'yar taga kamar ta akurki. Sai na dage na gina mata na bulo a gefe, na rufe da kwano mai sheƙi, na kafa ƙatuwar tagar gilashi tana kallon yamma. Darbejiyar da ke wurin ma na sa aka sare, wai tana tare wa masu wucewa ganin aikina. (Silin kuwa na ce sai gaba.)

Malam Sale magini, wanda ya gina rabin ƙauyen da tubali, ya tsaya ya ƙare wa ginin kallo ya ce, "Injiniya, rana fa ta nan take faɗuwa."

Na ce, "Baba, ai ilimi ya wuce nan."

Da sanyi aka gama, na miƙa mukulli na koma birni. In na buga waya sai Inna ta ce, "Ɗaki kam yana amfani, Allah ya yi albarka."

Da bazara ta kama, gari ya yanke shawarar gina ajujuwa biyu na Islamiyya. Mu biyu ke neman aikin, ni da Malam Sale. Ina son aikin nan har cikin raina, don shi ne na farko da za a nuna a ce nawa ne. Na diro garin ko Inna ban sanar ba, na tsare dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, na zuba musu lacca kan ɗumamar yanayi da ginin da ba ya buƙatar fanka. (Duk haddar jarrabawa ce, ko ni ban taɓa tsayawa na ji me take cewa ba.) Na rufe da cewa su zo ɗakin da na gina wa Inna su gani da idonsu.

Na wuce gaba ina baza babbar riga, Mai Unguwa da Liman da Malam Sale suna biye. Na yi sallama, na tura ƙofa.

Zafi ne ya fara marinmu, sannan wari ya biyo baya. Liman ya ja da baya ya toshe hanci da rawani. Babu gado, babu katifa. Tsakar ɗakin kwanduna ne lulluɓe da buhuna, dafaffiyar kalwa tana ruɓa za ta zama daddawa. Gaban tagar da nake taƙama da ita kuma an baza tumatir da kuɓewa a tabarma suna bushewa.

Inna ta fito daga tsohon ɗakinta tana gyara mayafi, fuskarta fal fara'a.

"Sannunku da zuwa, Malamai. Wallahi yaron nan ya yi min gata. A da sai kalwa ta kwana uku, a nan biyu ta isa. Liman, kwandon can ma na mai ɗakinka ne."

Na ce, "Inna, ba nan kike kwana ba?"

"Kwana? Sau ɗaya na gwada, na ɗauka zazzaɓi ne ya kama ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk garin an sani, ni kaɗai ne baƙo. Inna ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakin ƙasar, inda sanyi ya ratsa ni har na ji haushinsa. Mai Unguwa ya sha ruwan randa, ya goge baki, ya ce a hankali, "Injiniya, karatu muke so yaran su yi. Daddawa muna da ita."

Malam Sale aka ba aikin. Bai yi min dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya dai ce in zo in riƙe masa igiyar awo, na kuwa riƙe har aka yi rufi.

Tun daga ranar, ba na zana taga sai na duba inda rana ke faɗuwa. In kuma Inna ta ce abin da na yi mata yana amfani, ba na ajiye waya sai na tambaya amfanin me.